Larabcin Littafi

Na sauka Iskandariyya da akwati ɗaya
da Larabci cike da baki,
wanda na shekara tara ina wankewa, ina gogewa
kamar rigar zuwa Idi.
Na gaya wa mai tasi inda za ni,
kowace kalma da wasalinta a wutsiya.
Ya juyo, ya dube ni daga hula har takalmi,
ya ce, "Sadaƙallahul azim,"
ya yi dariya har sitiyari na rawa.
Ban yi fushi ba.
Kunya ce ta zauna mini a cinya
har muka iso Ibrahimiyya.

Ammu Shahata, mai gadin bene,
ya gwada sunana sau uku.
Ɗanlami ya ƙi zama a bakinsa,
harafin farko ya maƙale masa kamar ƙayar kifi.
Ya ce, "Dani." Na amsa.
Haka na kwana da rabin suna
a hawa na biyar,
taga tana kallon shanyar mutanen da ban sani ba.

Da sassafe wani na dukan ƙarfe a titi.
Na zabura babu takalmi, na ɗauka gobara ce.
Mai tallan tukunyar gas ne, da sifana a hannu.

A ofishin rajista
Madam Afaf na kurɓar shayi bayan gilashi.
Takardata na jiran hatimi,
hatimi na aljihun Ustaz Midhat,
Ustaz Midhat ya fita yanzun nan.
"Bukra," in ji ta.
A littafina bukra sassafe ce,
sai na yi sammako.
Na yi sammako uku kafin in gane
gobe ce, irin goben da ba ta gaggawa.

Wake da safe, wake da dare,
da burodi mai faɗin faifai
wanda mutanen nan ke kira rayuwa.
Na sayi rayuwa biyar, na rataya a ƙusa,
kafin azahar ta bushe.

Ran Laraba na bi shuɗin jirgin titi har ƙarshensa,
na tsaya gaban ruwan da ba shi da ƙetare.
Na nemi ɗaya gaɓar da ido, babu.
Nan na kira Inna.
Ta ce, kana ci? Na ce, sosai.
Ta ce, kana jin maganarsu? Na ce, kamar ruwa.
Ta yi shiru, irin shirun da ke ƙirga ƙarya.
Na ce iska ce ke shaƙe mini murya.

Ina dawowa, kwando ya sauko daga sama da igiya,
ya tsaya daidai hancina.
Wata tsohuwa a baranda, Umm Sabri,
ta zubo mini magana kamar an kwance buhun tsaba.
Ban tsinci ko ƙwaya ɗaya ba.
Amma akwai kuɗi a kwandon,
ga yatsanta na nuna amalanken tumatir.
Na je, na nuna, na sayo, na zuba.
Igiya ta hau.

Na kai ƙofa sai ta sake kira.
Kwandon ya dawo da faranti a rufe,
kabeji naɗe da shinkafa, yana tururi.
"Kul, ya ibni."
Wannan na ji, ba sai da ƙamus ba.
Na buɗe baki in yi godiyar littafi, doguwa mai ado,
sai wata guntuwa ta riga ta fita,
marar wasali, irin ta titi.
Ta tafa hannu.

Mun ci a kan matakala, ni da Ammu Shahata.
Ya lashe yatsa, ya gyara zama,
ya sake tunkarar harafin nan nawa,
kumatu a kumbure, ido a rufe.
Bai same shi ba.
Amma ya kusa.
Na ce masa, "Bukra."